Yadda zaka shawo kan ƙus-ƙus da hirar gefe idan kai ke jagorantar mitin a wurin aiki

Duk wanda aka taɓa damƙa wa jagorancin mitin, ko firinsifal ne a makaranta ko shugaban sashe a sakatariya ko mai kula da asibitin unguwa, ya san wannan abun: kana tsakiyar bayani sai ka hango mutum biyu can ƙarshen tebur sun haɗa kai, ɗaya na raɗa ɗaya na gyaɗa kai, kafin ka ankara na uku ya miƙo kunne, toh daga nan mitin ya rabu gida biyu, naka da nasu. Yawancin shugabanni abu biyu suka iya, ko su buga tebur su daka tsawa, ko su yi kamar basu gani ba su cigaba da magana abun na cinsu a rai. Tsawar zata kawo shiru na ɗan lokaci amma zata bar maka gaba da mutumin da gobe ma tare zaku kwana ku tashi a wurin aiki, kau da kai kuma koya wa sauran yake cewa ai ba komai kowa ma yayi.

Ni a wurina hirar gefe saƙo ce. Ba haka kawai babban mutum mai iyali zai bar maganar shugaba ya koma raɗa ba. Ko dai bai gane abinda ake faɗa ba, ko maganar bata shafe shi ba, ko ya gaji, ko kuma akwai magana a bakinsa da yake jin nauyin faɗa a gabanka, wannan na ƙarshen shine wanda ya kamata ya dame ka. Don haka aikinka guda ɗaya ne, ka jawo maganar daga gefe ka kawo ta tsakiyar tebur ba tare da ka ci fuskar kowa ba. Zan riƙa kawo misali da mitin ɗin malamai na sakandare saboda shi nafi sani, amma wanda ke ofis ko kamfani ko ƙungiya zai ga nasa a ciki.

Mataki na farko tun kafin a zauna yake

Rabin surutun da kake fama dashi a mitin kai ka gayyato shi tun lokacin da ka sa ranar da awar. Ka kira mitin ƙarfe ɗaya na rana, mutane tun safe suna aji suna fama da yara, yunwa ta taso, azahar ta kusa, masu ɗauko yara daga makaranta hankalinsu na kan agogo, ga zafi ga an ɗauke wuta fanka ta tsaya, wallahi ko waye kai sai an yi maka ƙus-ƙus. Ranar Juma'a bayan sha ɗaya ma haka, kowa tunanin wanka da masallaci yake. In da hali ka sa shi da safe, ko bayan an idar da sallah an ɗan taɓa abinci. Cikin azumi kuwa ka taƙaita iyakar iyawarka.

Sai ajanda. Ka tura ta a gurup ɗin WhatsApp na ma'aikata tun jiya, batu uku ko huɗu, kada ta wuce haka, kuma ka rubuta a fili abinda ake so a yanke akan kowanne. Mutumin da ya shigo bai san me za'a tattauna ba dole ya juya ya tambayi na kusa dashi "wai me ya faru ne aka tara mu", kaga tun ba'a buɗe da addu'a ba an fara.

Sannan ka duba waye ka tara. Ba dalili ka zaunar da malamai arba'in har da na Hausa da na Larabci da na tarihi kuna lissafin kayan da za'a sayo na ɗakin gwaje-gwaje saboda jarabawar WAEC, wannan maganar malaman kimiyya ce su kaɗai, ka kira su daban. Duk wanda ka zaunar awa guda akan abinda bai shafe shi ba to zai nemo wa kansa abinda ya shafe shi, yawanci maganar albashi ce, an biya ko ba'a biya ba, ƙarin mafi ƙarancin albashin nan na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 ya shigo a wannan watan ko yaya.

Akwai kuma wani abu namu da bai kamata ka yi faɗa dashi ba, gaisuwa. Mu bama iya zama kusa da mutum bamu tambayi gida da iyali da gajiya ba, in an yi wa wani haihuwa sai an yi barka, in wata ta dawo daga Umara sai an yi mata sannu da hanya, in an yi rasuwa sai an yi ta'aziyya. In baka ba wannan wuri ba to a cikin mitin ɗinka za'a yi shi ƙasa-ƙasa. Ka buɗe ɗakin minti goma kafin lokaci a gaisa a gama, kuma bayan addu'ar buɗewa kai da kanka ka sanar, an yi wa Malam wane ƙaruwa, Malama wance ta yi rashi, a yi addu'a gaba ɗaya a shafa, shikenan an sauke wannan nauyin.

Mataki na biyu, ka faɗi ƙa'ida tun a farko da bakinka

Ba doguwar lacca ba. Wani abu kamar haka ya isa: "Jama'a batu uku garemu yau, in sha Allahu sha ɗaya da rabi mun tashi. Roƙona ɗaya, duk mai magana ya ɗaga hannu sakatare zai rubuta sunansa kowa zai samu dama, mu riƙa sauraron mutum ɗaya a lokaci ɗaya." Amfanin wannan shine in ka zo tsayar da wani daga baya ba wai ka tsane shi bane, ƙa'idar da kowa ya ji ce kake tunatarwa. In wurin ya dace zaka iya tuna musu hadisin da ya hana mutum biyu su keɓe da raɗa su bar na ukunsu saboda hakan na ɓata masa rai, mutanenmu sun san shi kuma yana shiga jiki fiye da dokar ofis. Amma fa in ka ce sha ɗaya da rabi to ka tashe su sha ɗaya da rabi, in ka saba karya naka alƙawarin ba wanda zai riƙe nasa.

Mataki na uku, an fara raɗar, sai ka bi ta a hankali daga ƙasa zuwa sama

Kada ka yi saurin magana. Wani raɗan na daƙiƙa goma ne, mutum ya ari biro ko ya tambayi shafi na nawa ake, in ka tsaya akan irin wannan kai ne zaka zama mai ɓata lokaci. Ka ɗan bashi lokaci, in ya mutu da kansa ka wuce.

In ya cigaba, fara da ido. Ka cigaba da bayaninka amma ka juya fuskarka wajensu, ba harara ba, kallo kawai na wanda yake magana da kai. Yawanci ɗayansu zai ji a jikinsa ya zunguri ɗan'uwansa. In ido bai yi ba sai ka yi shiru, kuma wannan ita ce dabarar da nafi yarda da ita duk cikin dabarun. Ka tsaya a tsakiyar jimla, ka ajiye takardar hannunka, ka jira. Da zarar muryarka ta ɗauke tasu ce kaɗai zata rage a ɗakin, su da kansu zasu ji ta, sauran mutane zasu waiga, kai kuwa baka ce komai ba balle a ce ka wulaƙanta wani. Da sun yi shiru ka ce "madalla" ka ɗora daga inda ka tsaya, kada ka ƙara ko kalma ɗaya akai. Kuskuren da ake yawan yi shine ɗaga murya don a danne masu raɗa, alhali ƙara musu rufi kake, kana ɗagawa suna samun inda zasu ɓuya. Gara ma ka sassauta murya, dole mai son ji ya ce wa na kusa dashi don Allah dakata.

In a tsaye kake kana rubutu a allo, ka taka a hankali ka koma ɓangarensu ka cigaba da bayani daga can. Ba mai iya raɗa shugaba na tsaye a kansa.

Duk wannan in bai yi ba sai a zo ga baki, amma kira na gaba ɗaya tukunna ba da suna ba. "Jama'a don Allah a ara mana kunne, mitin ɗaya muke yi." A taron da duk Musulmi ne kowa ya san abinda ake yi, ka ce a yi salati ga Annabi, ɗaki gaba ɗaya ya amsa har da masu hirar, kafin a gama hankali ya dawo wuri ɗaya. In wurin aikinku gauraye ne da abokan aiki Kirista to kalmar "a taimaka a saurara" ta wadatar, kowa ta ɗauke shi.

Kiran suna shine na ƙarshe, kuma a nan ne ake yawan ɓata abu. Akwai tambayar tarko akwai tambayar gayyata. Ta tarko ita ce "Malam Sani, maimaita mana abinda na faɗa yanzu", ka mayar da abokin aikinka ɗan aji ɗaya a gaban jama'a, zai yi shiru kam amma ba zai manta maka ba. Ta gayyata kuwa sai ka fara maimaita inda aka tsaya don ya samu abin kamawa: "Malam Sani, muna kan maganar mayar da darasin lissafi na 'yan SS3 zuwa safe, kai da ka daɗe kana ɗaukarsu ya kake gani?" Ka dawo dashi ciki, ka bashi girma, kuma shi da kai duk kun san dalilin kiran.

Mataki na huɗu, ka gane wace irin hira ce, don ba duka ake tsayarwa ba

Wata raɗar taimakonka take yi. A makarantunmu akwai 'yan bautar ƙasa da aka turo daga kudu basa jin Hausa, mitin kuwa an fara shi da Turanci ana nisa aka zarce da Hausa, dole wani ya riƙa fassara musu a kunne. Haka in an kira masu gadi da masu shara da mai tuƙa motar makaranta aka yi ta zuba Turanci, su ma sai an fassara musu. In ka daka wa mai fassara tsawa ka zalunce shi. Abinda zaka yi shine bayan kowane batu ka taƙaita shi da ɗaya harshen a jimla biyu uku, ko ka ce wa mai fassarar "Malam Bala taimaka ka faɗa da ƙarfi kowa ya amfana". Wani kuma kunne ne ya yi masa nauyi, ko ƙarar janareta ta hana na baya ji, sai a gyara zama.

Wadda tafi buƙatar natsuwarka ita ce raɗar rashin yarda. Zaka gane ta da lokacin da take tashi, kana faɗin wani hukunci sai ɗakin ya ɗauki gunaguni ta kusurwa biyu uku lokaci guda, wani ya taɓe baki, wani ya jingina da kujera ya harɗe hannu. Misali ka sanar cewa daga zango mai zuwa kowane malami zai riƙa tsayawa darasin yamma na 'yan jarabawa har ƙarfe huɗu, baka ce komai akan kuɗin mota ko abinci ba, baka tuna cewa rabinsu suna koyarwa a Islamiyya da yamma ko suna da ɗan shago ba. Ba wanda zai miƙe ya ce maka ranka ya daɗe wannan ba zai yiwu ba, tarbiyyarmu bata bada haka ba, ana jin nauyin shugaba, kuma kowa na tsoron a ce shine mai taurin kai. Sai su faɗa wa juna. In ka yi nasarar kashe wannan raɗar da tsawa to ka kashe labarin da kafi kowa buƙatar ji, za'a ce maka "toh" a tashi, ranar da za'a fara darasin ka tarar da aji ba malami.

Don haka a nan tsayawa zaka yi ka buɗe ƙofa da kanka. "Na ga alamar akwai magana akan wannan, kuma gara in ji ta a nan da in ji ta a waje. Wa zai fara?" In an yi shiru, kuma sau da yawa za'a yi, kada ka ce toh tunda ba mai magana an amince. Ka rage musu nauyin, ka ce kowa ya juya ga na kusa dashi minti uku su tattauna, sannan kowane rukuni mutum ɗaya ya faɗi abinda suka gani. Mutum yafi samun ƙarfin cewa "mu a nan muna ganin" akan "ni ina ganin". Ko ka raba 'yan takardu kowa ya rubuta damuwarsa ba suna, sakatare ya karanto. Kuma wanda ya daure ya fara magana, ko da abinda ya faɗa bai maka daɗi ba, ka gode masa a fili, domin sauran suna kallon abinda zai same shi ne kafin su buɗe nasu bakin.

In kuma maganar tasu mai amfani ce amma ba wurinta bane, ka ce sakatare ya rubuta ta cikin sauran batutuwa na ƙarshe, kuma in an zo ƙarshen ka tabbata an dawo kanta.

Mataki na biyar, in mai hirar ya girme ka

Wannan shine inda matasan shugabanni ke rasa yadda zasu yi. Tun da dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, a wuraren da aka fara aiki da ita zaka tarar da firinsifal yana jagorantar mitin da malamin da ya koyar dashi yana zaune a ciki. Irin wannan dattijo ba'a kiran sunansa a tsawatar, in ka yi ma ɗakin gaba ɗaya zai koma bayansa ko da shine da laifi. Shiru da kallo su ma kada su yi tsawo. Abinda ke aiki shine ka nemi shawararsa a fili, "Baba, kun ga irin wannan tun kafin mu zo, a taimaka mana da yadda kuka yi a lokacinku", sai ya faɗi abinda yake faɗa a gefe, kai kuma ka samu damar rufe batun. Mafi kyau ma ka same shi tun kafin mitin ka gaya masa abinda zaka kawo, ka zaunar dashi kusa da kai a gaba. Dattijon da aka shawarta tun farko shi zai riƙa tsawatar maka da yara.

Bari in ɗan ratse in faɗi wani abu da nake gani yana min ciwo. A yawancin mitin ɗinmu mata na zama ɓangare guda, kuma da an ji motsi daga can sai shugaba ya ce "Malamai mata a rage surutu", alhali maza biyu na gefensa sun fi minti biyar suna maganar ƙwallo bai ce uffan ba. Wannan rashin adalci ne kuma suna lura. Sau da yawa ma dalilin da yasa suke magana a tsakaninsu shine tun da aka zauna ba wanda ya juya ya ce Hajiya me kuka gani. Ka riƙa kiransu da suna kana neman ra'ayinsu kamar kowa, ƙa'idar kuma ta hau kan mataimakinka da abokinka kamar yadda ta hau kan sabon ɗauka.

Waya ma hirar gefe ce, har ma ta fi, don zaka ga mutum uku kai a sunkuye suna murmushi lokaci ɗaya, a gurup suke. Ka roƙa tun farko a sa waya a shiru a kife ta, mai kiran gaggawa ya fita ya amsa, kuma taka ta fara kifuwa. In ta manhajar taron bidiyo ta Zoom kuke yi, mai jagoranta na da damar rufe makirfon kowa lokaci ɗaya, ka yi hakan tun farko ka ce mai magana ya ɗaga hannu, ka sa mutum ɗaya ya riƙa duba akwatin saƙo yana karanto tambayoyi. Zoom na kyauta ma a minti 40 yake yankewa, ka tsara mitin ɗin ya ƙare a ciki.

Mataki na shida, bayan an tashi

Wanda ya mayar da abun ɗabi'a, kowane zama shine, ba'a gyara shi a gaban mutane. Ka bari a watse, ko washegari, ka same shi ku biyu, ba sai ka aika masinja ya kira shi ofis kamar mai laifi ba, ko a ƙarƙashin bishiya bayan sallah ya isa. Ku gaisa sosai tukunna. Sannan ka faɗi abinda ka gani ba abinda kake zargi ba: "Malam, jiya lokacin da Malama Hadiza ke bada rahoton jarabawa na ga kuna magana da Malam Isa har ta tsaya sau biyu, na ce bari in ji ko akwai abinda ke damunka a tsarin." Sai ka yi shiru ka saurara da gaske. Wani zai ce wallahi ban ma lura ba, ya bada haƙuri, ya wuce. Wani kuma a nan zaka ji cewa tun shekaran jiya yana jin haushin an ba wani muƙamin da yake ganin nasa ne, toh kaga wannan ba maganar surutu bace, sai ku zauna akan ainihin matsalar.

Mai yawan magana irin wanda jininsa ne haka, bashi aiki. Ya riƙe agogo yana sanar da lokaci, ko ya rubuta sunayen masu son magana, ko ka bashi batu ɗaya ya gabatar. In aminai biyu ne da basa rabuwa, ka raba su ta hanyar aikin, ɗaya a gaba wajen allo ɗaya wajen rabon takardu, ba sai ka ce wane tashi ka koma can ba. Takardar tuhuma kuwa ka barta sai in abun ya zama raini a fili bayan kun yi magana ba sau ɗaya ba, kuma ka sani in ka bada ita akan raɗa kawai kowa zai ce ka cika zafi.

Wani lokacin kuma ba mutum biyu bane, ɗakin ne gaba ɗaya ya ɗauki hayaniya, kowa na motsi yana duba agogo. Wannan ba laifin kowa bane, zaman ne ya yi tsawo, ko kai ka riƙe magana minti ashirin ba wanda ya sa baki. Kada ka yi ta fama, ka bada hutun minti goma a sha ruwa, in an kira sallah a tashi a yi, ko ka ɗage sauran batutuwan zuwa wani zama. Kafin a fita dai ka sa sakatare ya karanto abinda aka yanke, waye zai yi me kuma zuwa yaushe, har da ƙorafin da aka jawo daga gefe aka kawo tsakiya, a tura a gurup kafin yamma. A zama na gaba da shi zaka fara bayan addu'a, ka ce maganar kuɗin mota na darasin yamma da kuka kawo, mun kai ta gaban kwamitin iyaye da malamai, ga abinda suka ce, ga kuma abinda har yanzu bamu samu ba.